Wasiƙa zuwa Kumasi: wanda ya tsara kiɗan Mother India

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da kasuwa. Mu nan Kano sai godiya, hunturu ya fara shigowa.

Daren jiya autana ya kunna mini fim ɗin Mother India a wayarsa. Wallahi kiɗan na tashi sai na gan mu a layin tikiti a silimar Plaza, muna shan rake muna jiran a buɗe ƙofa. Shekara nawa muna rera waƙoƙin nan da na fim ɗin Mughal-e-Azam, muna cewa ta Nargis ce, ta Dilip Kumar ce, ba mu taɓa tambayar wanda ya tsara su ba. Sunansa Naushad Ali.

Musulmi ne, ɗan garin Lucknow a Indiya, an haife shi a 1919. Mahaifinsa akawun kotu ne, ba ya ƙaunar harkar kiɗa ko kaɗan. Shi kuwa yaron ya maƙale a shagon kayan kiɗa yana gyaran harmoniyam, wato akwatin kiɗa mai madannai, da dare ya tafi silima. A wancan zamanin fim ba ya magana, makaɗa ne ke zama gaban allo suna bin hoto da kiɗa, a wurinsu ya koyi sana'a. A 1937 ya bar gida zuwa Bombay, har kwanan bakin titi ya yi, sai a 1944 fim ɗin Rattan ya sa sunansa ya shahara.

Labarin aurensa ne ya tsaya mini a rai. Shi da bakinsa yakan faɗa cewa an gaya wa surukansa tela ne, don ba za su ba makaɗi 'yarsu ba. Ranar biki masu kiɗa suna ta buga waƙoƙin Rattan, ango na zaune, bai isa ya ce nasa ne ba. Sai na tuna maroƙan unguwarmu, yadda ake rububinsu ranar suna, amma a hana su aure.

Aikinsa kuwa, ya ɗauko raga, wato karin manyan malaman kiɗan Indiya da ake ganin ya fi ƙarfin kunnen talaka, ya zuba a fim ɗin Baiju Bawra a 1952, Mohammed Rafi ya rera, mai shayi da ɗan dako suka haddace. A fim ɗin Aan ya tara makaɗa ɗari. Baitocin yawanci Shakeel Badayuni ke rubutawa, Naushad ya ɗora musu kari, ya raba wa sarewa nata, goge nasa. A Mughal-e-Azam, 1960, da yake son amsa-kuwwa irin ta fada, sai ya sa Lata Mangeshkar ta rera a ɗakin wanka na situdiyo.

Ya rasu a 2006. Allah ya jiƙansa da rahama.

In har kaset ɗin nan na Mughal-e-Azam yana wurinka, don Allah ka taho da shi in za ka zo Sallah, rediyona na nan da ransa. Ka gai da maiɗakinka da yara.

Naka har kullum,
Abokinka na Fagge