Kafin a Ce Kwamfuta Ta Mutu, a Duba Wutarta da Fankarta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da matasanmu na karkara waɗanda suka fara haɗa kwamfutar tebur da hannunsu. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, shagunan buga takardu da cike fom suka ƙaru a garuruwa irin su Ringim da Taura da Babura, kuma da dama daga masu shagunan Kano suke shiga, su tsinto kaya ɗaya bayan ɗaya a titin Beirut, su dawo gida su haɗa. Wannan abin a yaba ne. Abin da ke damuna shi ne da zarar na'urar ta ƙi tashi sai a ɗora wa madabod, wato babban allon da ake jona dukkan sassan kwamfuta a kansa, laifi, a kashe kuɗin mota a sayo sabo, alhali a mafi yawan waɗanda na gani matsalar tana ga akwatin wuta, wato fawa sufulai, ko kuma ga fanka.

Bincike daga bango yake farawa. Wutar ƙasarmu bolt 230 ce a ƙa'ida, amma a ƙauye takan zo ƙasa da haka, ƙaramin janareta kuwa yakan rage ƙarfi ya kuma ƙara duk lokacin da aka jona masa firiji ko aka cire, don haka sitabilaiza ba kayan ƙawa ba ce a wurinmu. Masu sola su lura cewa inbata mai araha, wadda wutarta ba tatacciya ba ce, takan sa wasu akwatunan wuta na zamani su riƙa yin ƙara ko su kashe kansu. Haka kuma tsofaffin akwatuna suna da wani jan makunni a bayansu mai lamba 115 da 230. Waɗanda aka kawo daga Amurka sukan zo a kan 115, kuma duk wanda ya jona su haka a wutarmu, ƙara da hayaƙi ne za su sanar da shi.

Idan wutar bango lafiya take, sai a tabbatar babban fulogi mai ƙafa 24 ya zauna daram a madabod, haka ma ƙarami mai ƙafa 4 ko 8 da ke kai wa firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, wuta, wanda sababbin hannu suka fi mantawa da shi. Daga nan sai a gwada akwatin shi kaɗai. A zare shi daga soket, a cire dukkan wayoyinsa daga cikin kwamfutar, a sa guntuwar waya a haɗa ƙafar koriyar wayar da ke babban fulogi da ta kowace baƙa, sannan a ba shi wuta. Idan fankarsa ta juya, akwatin yana tashi ke nan, sai dai wannan bai isa shaidar lafiya ba, domin mitar auna wuta ce ke faɗin gaskiya. Waya mai ruwan ɗorawa bolt 12 take bayarwa, ja 5, mai ruwan lemo 3.3, kuma tsohuwar ƙa'idar ƙera akwatunan wuta, wato ATX, ba ta yarda a kauce da fiye da kashi 5 cikin 100 ba, wato layin 12 kada ya gaza 11.4, kada ya wuce 12.6. A sani kuma wasu akwatunan na zamani da gangan ba sa juya fankarsu sai aiki ya yi nauyi.

Ina gargaɗi da babbar murya cewa kada kowa ya kwance murfin akwatin wuta, domin manyan kafasitocin da ke ciki, wato sassan da ke tara wuta, suna riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi daga bango. Wanda ya lalace canza shi ake yi. A wajen saye kuwa, araha ba ta ado: akwatin da aka rubuta wa wat 500 amma ka ɗauka ka ji shi sakayau, abin a yi masa kallon zargi ne, kuma irinsa ne ke aiki lafiya lau ana buga takarda, sai ya sake kunna kansa da zarar an buɗe aiki mai nauyi. A ganina, gara a rage kuɗin akwatin waje mai fitilu a ƙara a nan.

Matsalar fanka alamarta daban ce. Kwamfutar za ta tashi, ta yi aiki na ɗan lokaci, ta fara nauyi, sannan ta mutu ba sallama. Firosesa ce ke kare kanta, domin yawancinsu sukan rage gudu idan zafinsu ya kai wajen digiri 95 zuwa 100, idan abin ya ci tura su kashe na'urar. A shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa da zarar an kunna kwamfutar, a duba zafin da gudun fankar. Sau da yawa za a tarar an jona fankar firosesa a gurbin fankar akwatin waje maimakon gurbinta mai rubutun CPU_FAN, ko an manta ledar da ke manne a ƙasan sabon ƙarfen sanyaya da ake ɗorawa a kan firosesa, ko kuma man da ake shafawa tsakaninsa da firosesa ya bushe.

Sai ƙura. Hunturu yakan cusa ta tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya har ta daskare, sannan bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, shi ya sa kwamfutar da ta yi lafiya a Janairu take fara mutuwa kafin damina. Ya kamata a busa ta da bulowa kafin zafi ya kankama, a dafe fikafikan fankar da yatsa kada iska ta juya su fiye da kima, a ɗaga akwatin kwamfutar daga ƙasa, kuma kada a lulluɓe shi da zane yana aiki, kamar yadda wasu ke yi da niyyar kare shi.

Malam Edita, da jaridarku za ta ware ɗan fili ta buga hoton babban fulogin nan da launukan wayoyinsa da bayani cikin Hausa, da masu shaguna a nan sun yanke shafin sun manna a bango kusa da teburin aikinsu.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu daga ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa.