Kafin a cinna wa kwal wuta a ƙarƙashin ƙasa, a tambayi makomar rijiyoyi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan wata dabara da ake ambata idan an tashi zancen farfaɗo da kwal a Najeriya, wato mayar da kwal iskar gas tun yana kwance a ƙarƙashin ƙasa, ba tare da an haƙo shi ba, domin a samu wutar lantarki da man da motoci ke sha. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, babu majalisar da za ka zauna a nan Daura ba ka ji masu injin niƙa da masu walda da manoman rani suna kukan tsadar mai ba, shi ya sa duk maganar da ta zo da alkawarin wuta da mai masu araha take samun kunnen saurare. Ni ma ina cikin masu kukan, sai dai shekarun da na yi ina koyar da kimiyyar sinadarai a makarantar sakandare ba su bar ni na yi saurin tafa hannu ba.

Aikin kansa ba shi da wuyar fahimta. Ana haƙa rijiyoyi biyu irin na burtsatse har su cimma shimfiɗar kwal, a haɗe su ta ƙasa, sannan a kunna wa kwal ɗin wuta. Ta rijiya ɗaya ake hura iska da tururi, kamar yadda maƙeri ke zuga wutarsa da zugazugi, amma ana auna iskar ne don kada kwal ɗin ya cinye ƙurmus, tamkar yadda masu yin gawayi ke rufe itace da ƙasa ya riƙa ci a hankali. Ta ɗaya rijiyar kuma sai wata gaurayayyar iska ta fito, wadda ke ɗauke da haidirojin da kabon monoksaid, iskar nan mai guba da ke halaka waɗanda suka kwana da janareta a rufaffen ɗaki. Idan an tace ta, ana iya ƙona ta a juya injin samar da lantarki, ko a bi da ita ta hanyar da Jamusawa biyu, Franz Fischer da Hans Tropsch, suka gano a 1925, ta koma man dizal da kananzir. Amfaninta a fili yake: babu ɗan Adam ɗin da zai shiga rami, toka tana zama a can ƙasa, kuma ana iya cin moriyar kwal ɗin da ya yi zurfin da haƙo shi ba zai biya ba. Kwal kuwa muna da shi, daga Inugu inda aka gano shi a 1909 har ya riƙa tuƙa jiragen ƙasanmu, zuwa Okaba a Kogi da Maiganga a Gombe.

Abin da ya kamata ya sa mu dakata shi ne tsufan wannan tunani. Tun a 1868 wani injiniya mai suna William Siemens ya kawo shawarar a Ingila, Tarayyar Sobiyet ta shiga gwaje-gwaje gadan-gadan a shekarun 1930, kuma tashar da ta gina a Angren, cikin Uzbekistan ta yanzu, ta fara aiki a 1961. Dabarar da ta haura shekara 150 a duniya, wadda ƙasashe masu kuɗi da injiniyoyi suka gwada ɗaya bayan ɗaya, amma har yau ba ta wuce matakin gwaji ba a kusan ko'ina, lallai akwai abin da ke riƙe da ƙafarta. Wasu kan kafa hujja da kamfanin Sasol na Afirka ta Kudu, wanda tun 1955 yake fitar da mai daga kwal. Gaskiya ne, amma Sasol haƙo kwal ɗinsa yake yi, ya gasa shi a cikin manyan tukwanen ƙarfe a doron ƙasa, inda injiniya ke ganin abin da yake yi, yana kuma iya kashe wutar a lokacin da ya ga dama. Wutar da ke cikin dutse, ɗaruruwan mitoci a ƙasa, ba ta da wannan biyayya.

Ruwa shi ne babban abin tsoro. Kwal idan ya gasu yana fitar da kwalta da sinadarai irin su benzin, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Ƙa'idar aikin ita ce kada matsin iskar da ke cikin kogon wutar ya fi ƙarfin matsin ruwan da ke kewaye da shi, domin ruwa ya riƙa tsiyaya zuwa ciki, guba ta kasa fita. To amma ƙara matsi yana ƙara yawan gas ɗin da ake samu, kuma a nan ne kwaɗayin riba ke shigowa. Haka nan idan kwal ya ƙone, kogon da ya bari kan rufta, duwatsun sama su tsattsage, su buɗe wa gubar hanya zuwa ruwan da mutane ke sha. Wannan ya faru a Hoe Creek ta jihar Wyoming a Amurka cikin shekarun 1970. Mafi muni shi ne abin da ya auku kusa da garin Chinchilla a jihar Queensland ta Ostireliya, inda kamfanin Linc Energy ya fara gwaji a 1999, har ya kai ga fitar da mai daga gas ɗin, duniya tana yaba masa. Daga baya aka tarar iskar ta bazu a cikin ƙasar gonaki, hukuma ta gargaɗi manoma a faɗin fili mai girman gaske da kada su haƙa ramin da ya wuce mita biyu ba tare da sanar da ita ba. A 2016 jihar ta haramta dabarar baki ɗaya, kamfanin ya durƙushe, kuma lokacin da kotu ta ci shi tarar dalar Ostireliya miliyan 4.5 a 2018, babu sauran kamfanin da zai biya, nauyin gyaran ya koma kan jama'a. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan Badauri da wannan, tunda ba a ƙarƙashin gonarsa za a kunna wutar ba. Mu da muka tashi da labarin rijiyar Kusugu mun san halin garin da aka hana wa ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Wancan maciji takobi ya raba mu da shi a dare ɗaya, benzin kuwa idan ya shiga jijiyar ruwa sai a shekara da shekaru ana fama. Ba mu kuma manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara kimanin 400 kafin a farga. Ƙauyawan Maiganga da Okaba da rijiya da rafi suka dogara, kamar mutanenmu na Zango da Mai'aduwa, kuma idan Ostireliya da duk kayan awonta ta makara wajen ganowa, ban ga dalilin da zai sa mu ɗauka cewa mu za mu riga ta ba.

Akwai kuma tambayar buƙata. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikin iskar gas, har yanzu ma ana ƙona wani kaso nata a banza a yankin Neja Delta, ga kuma bututun Ajakuta zuwa Kaduna da Kano mai tsawon kilomita 614 da Arewa ke jira. Gas ɗin kwal da aka hura da iska ba shi da ƙarfin wannan ko kusa, bai ma cancanci a tura shi nesa ta bututu ba.

Ba na cewa jami'o'inmu su daina bincike a kai. Roƙona ga 'yan majalisarmu na tarayya daga Katsina shi ne, duk ranar da aka kawo musu batun ba wani kamfani izinin irin wannan aiki, su nemi a fara auna ruwan rijiyoyin yankin a wallafa sakamakon kowa ya gani, a ɗora awon matsin kogon a hannun masu sa ido da ba kamfanin ke biyan su ba, sannan kamfanin ya ajiye kuɗin gyara a asusun da hannunsa ba ya kaiwa tun kafin a dasa injin haƙa na farko.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin kimiyya,
Daura, Jihar Katsina.