Kafin attajiranmu su biya kuɗin takardar zama a tsibiri

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wata harka da ta taso daga birane ta fara shigowa kasuwanninmu na karkara, wato tallar da wasu dillalai ke yi wa manyan 'yan kasuwar riɗi da zoɓo da shinkafa da shanu, cewa za su samo musu izinin zama, ko ma fasfo, na wata ƙaramar ƙasa da ke tsakiyar teku idan suka zuba jari a can. Tallar tana zuwa ta WhatsApp da Facebook, da hotunan rairayi da ruwa shuɗi, kuma yanzu hirarta ta kai rumfunan Gujungu da Maigatari da Dawanau, inda mutanen da Allah ya buɗa wa suke tambayar juna ko abin gaskiya ne.

Abin gaskiya ne, kuma ba haramtacce ba ne a dokar ƙasashen da ke yin sa. Saint Kitts da Nevis, ƙasar da mutanenta ba su wuce dubu 50 ba, ita ce ta fara sayar da zama ɗan ƙasa a 1984, shekara ɗaya bayan ta samu 'yancin kai. Dominika ta bi sahu a 1993, daga baya kuma Antigua da Barbuda da Girenada da Saint Lucia suka shiga. Waɗannan ƙasashe na yankin Karibiyan ba su da man fetur, ba su da faɗin ƙasar noma irin tamu, ga guguwar teku da kan rushe musu abin da suka yi shekaru suna ginawa, kamar yadda guguwar Maria ta yi wa Dominika kaca-kaca a watan Satumba na 2017. Kuɗin fasfo na daga cikin abin da suke gina asibiti da gidaje da shi, kuma ban ga laifinsu ba a kan haka. Haka nan ban ga laifin ɗan kasuwarmu da ya gaji da bin layin biza ba. Mutum yana da abokin ciniki a waje da ke jiran kwantenar zoɓo, ya nemi biza ya yi wata da watanni yana jira, a ƙarshe a hana shi ba tare da gamsasshen bayani ba, dole ya saurari duk wanda ya ce yana da mafita.

Damuwata ita ce dillalan suna cakuɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne, kuma mai biyan kuɗin bai san wanda yake saya ba. Akwai izinin zama ta hanyar kafa kasuwanci, irin wanda tsibirin Mauritius da ke tekun Indiya ke bayarwa. A ƙa'idar da ƙasar ta fitar a 2020, wanda ya zuba jarin dala 50,000 a kamfanin da zai gudanar a can yana iya samun izinin zama da aiki na shekara 10, wanda kuma ya sayi gida na aƙalla dala 375,000 a rukunin gidajen da hukuma ta amince a sayar wa baƙi yana samun izinin zama muddin gidan yana hannunsa. A wannan tsari jarin na mai shi ne, amma akwai sharaɗin cewa kamfanin ya yi ciniki na gaske har ya kai adadin da hukuma ta ƙayyade a shekara, kuma mutum yana nan da fasfonsa na Najeriya, saboda haka bai tsira daga neman bizar Turai ba. Wannan hanya ce ta wanda ya yi niyyar tashi ya koma can da iyalinsa ya yi sana'a. Tana iya yi wa Musulmi sauƙi, domin ƙasar tana da al'ummar Musulmi mai yawa da tsohon masallacin Juma'a a Port Louis, amma duk da haka mai sayen riɗi a ƙauyukan Jigawa ya kamata ya tambayi kansa wace sana'a zai yi a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, wadda kuma ake magana da Faransanci da harshen Kiriyol a kasuwanninta.

Na biyun shi ne sayen zama ɗan ƙasa kai tsaye, kuma shi aka fi tallatawa da sunan zuba jari. A mafi yawan lokuta kuɗin da ake biya gudummawa ce ga asusun gwamnati, wadda ba a mayarwa kuma ba ta kawo riba. A 2024 ƙasashen Karibiyan ɗin nan biyar suka amince cewa babu wadda za ta karɓi ƙasa da dala 200,000, Saint Kitts ma dala 250,000 take karɓa. Idan aka lissafa dala a kan naira 1,500, mafi arha ya kai naira miliyan 300, ban da kuɗin binciken asali da na lauya da ladan dillali da ƙarin da ake biya wa iyali. A nan ma akwai abin da ba a cika faɗa wa mutanenmu ba, wato dokokin aure na waɗannan ƙasashe mace ɗaya suka sani, saboda haka magidanci mai mata biyu ko uku ya nemi a rubuta masa matsayin sauran iyalinsa kafin ya biya ko sisi. Wanda kuma ya zaɓi sayen kaso a otal maimakon gudummawa, sai ya riƙe kason na wasu shekaru kafin a ba shi damar sayarwa, kuma samun mai saye a farashin da ya saya ba abu ne mai tabbas ba.

Babban abin da nake son masu karatu su lura da shi shi ne, darajar wannan fasfo ba ta hannun ƙasar da ta sayar da shi. Mai saye ba zaman tsibirin yake so ba, shiga Ingila da Turai ba tare da biza ba yake so, kuma wannan dama Ingila da Turai ne ke bayar da ita, su ne kuma ke janye ta ranar da suka ga dama. Ciniki ne irin na wanda ya sayi gona saboda ruwan da ke gangarowa daga rijiyar maƙwabci. A watan Yuli na 2023 Birtaniya ta ɗora wa 'yan Dominika da 'yan Vanuatu, wata ƙasar tsibirai ta tekun Pasifik da ita ma ke sayar da fasfo, dokar neman biza, kuma ta faɗa a fili cewa yadda ake sayar da fasfo ne dalili. Tarayyar Turai ta fara dakatar da yarjejeniyarta ta shiga ba tare da biza ba da Vanuatu a 2022, ta kuma soke ta gaba ɗaya a ƙarshen 2024. Waɗanda suka biya kuɗinsu kafin lokacin babu wanda ya mayar musu da kwabo. Ƙasashen tsibiri da ke cikin Tarayyar Turai ma ba su tsira ba, domin Cyprus ta rufe shirinta a 2020 bayan binciken da tashar Al Jazeera ta yi, sannan kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a watan Afrilu na 2025 cewa shirin Malta ya saɓa wa dokar tarayyar.

Ga kuma batun dillalan kansu. Kowace daga cikin ƙasashen nan tana da ofishin gwamnati da ke kula da shirin, kuma tana wallafa sunayen wakilan da ta ba lasisi. Duk wanda ya zo da farashin da ya gaza wanda gwamnati ta sanar, ko ya ce a tura kuɗin asusunsa na kansa, ko ya ce zai gyara takardu a ɓoye asalin dukiya, ya kamata a guje shi, domin gwamnatocin suna da ikon ƙwace fasfon da aka samu ta hanyar bayanin ƙarya ko da bayan shekaru. Ɗan kasuwarmu na karkara, wanda yawancin cinikinsa na kuɗi a hannu ne da amana, babu rasit babu takardar haraji, shi ne zai fi shan wahala wajen binciken asalin dukiya, kuma a wannan gaɓa ce marasa gaskiya ke samun ƙofar cutarsa.

Ba na cewa kowa ya bar harkar. Sashe na 28 na tsarin mulkin Najeriya bai hana wanda aka haifa ɗan ƙasa riƙe fasfon wata ƙasa ba, kuma mai fitar da kaya da yawa wanda tafiye-tafiye suka zame masa dole yana iya lissafawa ya ga abin ya biya shi. Amma mutumin da zai sayar da fadamarsa ta Kadawa ko ta kwarin Haɗeja, ko ya karya jarin da yake sayen amfanin gona da shi a kaka, ya auna cewa naira miliyan 300 za ta iya kafa masa injin tsaftace riɗi da ɗakin ajiya, ya yi wa kamfaninsa rajista, ya samu lasisin fitar da kaya daga hukumar bunƙasa fitar da kayayyaki ta Najeriya, wato NEPC, kuma irin waɗannan takardu na daga cikin abin da ofisoshin jakadanci ke dubawa idan ɗan kasuwa ya nemi biza.

Ina roƙon jaridar nan ta tura wakilinta ya zauna da lauyan da ya san dokar shige da fice, a fitar da bayanin sharuɗɗan da farashin da gwamnatocin suka sanar a cikin Hausa, sannan shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa su karanta wa membobinsu a ranakun kasuwa, tun da yawancin waɗanda ake nufa da wannan talla ba sa iya karanta takardun yarjejeniyar da ake ba su su sa wa hannu.

Na gode. Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga ƙaramar hukumar Taura, Jihar Jigawa.