Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Sanata Barau Jibrin: kafin a yi maganar raba ƙasa, a faɗa mana mu 'yan ina ne

Assalamu alaikum ranka ya daɗe, Mai girma Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa. Da fatan kana lafiya, ya fama da jama'a, Allah ya taimaka.

Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12 da ke Legas, albasa da tattasai nake saidawa, a Agege aka haife ni kuma nan aka binne mahaifina. Na rubuto maka ne saboda kai ke shugabantar kwamitin majalisar dattawa na gyaran tsarin mulki, kuma abin da ke damuna a tsarin mulkin yake.

Ranka ya daɗe maganar a raba ƙasa ta ƙi mutuwa. A gabas 'yan IPOB na kiran Biyafara, a 2021 aka fara tilasta wa mutane zaman gida ranar Litinin, a nan yamma akwai masu kiran ƙasar Yarabawa wanda har a Afrilun 2024 wasunsu suka kutsa sakatariyar gwamnatin Oyo a Ibadan da tutarsu, mu ma namu ba a bar su a baya ba, ba mu manta da wa'adin da wasu matasan arewa suka ba Inyamurai a Kaduna a Yunin 2017 ba cewa su tattara su bar arewa kafin 1 ga Oktoba. Wallahi lokacin nan mu da ke Legas ba mu yi barcin kirki ba, don mun san in aka taɓa wani a Sabon Gari to a kanmu za a huce. Waɗanda suka yi sanarwar suna gidajensu hankali kwance, ba wanda ya tambaye mu.

Ni dai ba na son a raba Najeriya, in faɗa tun yanzu. Amma kullum amsar gwamnati guda ce, wai sashe na 2 ya ce ƙasar nan ɗaya ce ba ta rabuwa, shike nan a rufe baki. To bakin bai rufu ba ai. An yi yaƙi daga 1967 zuwa 1970, rayuka sun salwanta ba adadi, yau ga jikokin waɗanda suka ga yaƙin suna maimaita maganar a waya.

Dubi Sikotland. Tun 1707 suke haɗe da Ingila, da masu son ɓallewa suka ci zaɓe sai firaministan Birtaniya David Cameron da shugaban gwamnatin Sikotland Alex Salmond suka zauna a Edinburgh a 2012 suka sa hannu kan yadda za a yi ƙuri'ar raba gardama, aka yi ta 18 ga Satumba 2014, kashi 55 suka ce a zauna kashi 45 suka ce a tafi, ba harsashi ko ɗaya. Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wa aka bari ya jefa ƙuri'a. Ba a tambayi kowa asalin kakansa ba. In kana zaune a can kuma ka yi rajista to kana da ƙuri'a, har yara 'yan shekara 16, har ɗan Najeriya mai takardar zama a Glasgow ya jefa tasa, alhali ɗan asalin Sikotland da ya koma Landan da zama bai samu ba. Ka ga su sun riga sun yanke cewa wanda ke zaune a wuri, yake biyan haraji, 'ya'yansa ke makaranta a wurin, shi ne mai wurin.

Mu fa? 'Yata a asibitin Legas aka haife ta, Yarbanci a bakinta ya fi nawa, amma ranar da za ta cike fom na neman gurbin karatu sai aka ce ta kawo takardar asalin ƙaramar hukuma, dole na saka ta a mota muka tafi garin kakanta wanda ba ta taɓa kwana a cikinsa ba, can ma sai da aka yi ta tambayar ɗiyar wace ce. Nan baƙuwa, can baƙuwa. Haka ɗan Inyamurin da aka haifa a Kano yake, haka Bayaraben Jos yake. Sashe na 41 ya ce in zauna inda nake so, na 43 ya ce in mallaki fili ko'ina, amma da an zo kan aiki ko tallafin karatu sai a koma kan asali.

Shi ya sa labarin Sudan ke tayar min da hankali. A Janairun 2011 'yan kudu suka zaɓi ɓallewa da sama da kashi 98, aka ɗaga tuta 9 ga Yuli, duniya ta yi ta tafi. Mutanen kudu da suka yi shekara da shekaru a Khartoum, wasu can aka haife su, dare ɗaya doka ta cire musu zama 'yan ƙasa aka ba su wa'adi su gyara takardu ko su kama hanya, ga Abyei da ke kan iyakar ƙasashen biyu har yau ba a san ta wa ba ce, kuma Disambar 2013 sabuwar ƙasar ta faɗa yaƙin basasa. Ko gado za a raba ai sai an fara ƙirga magada ranka ya daɗe, su ba su ƙirga ba.

Mun ga rikicin ƙabilanci a Idi-Araba a 2002, mun ga na Mile 12 a 2016, mun ga na kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021. Bayan Shasha da dillalan abinci da shanu suka tsayar da lodi zuwa kudu, motoci suka yi cirko-cirko a Jebba, tumatir ya yi tsada sosai a Legas kuma yana ruɓewa a gonakin arewa, manomi ya yi asara mai saye ya sha wuya mu 'yan tsakiya muka zauna a rumfa ba ciniki. Kwanaki kaɗan ne fa, ba iyaka ba kwastan ba biza. Masu ihun a raba su zauna su lissafa wannan in ya zama na kullum.

Roƙona dan Allah, a wannan gyaran ku saka doka ƙarara cewa wanda aka haifa a jiha, ko ya zauna wasu shekaru da za ku ƙayyade yana biyan haraji, ya zama ɗan jihar da cikakken haƙƙi, ya nemi aiki ya nemi kujera ba mai ce masa koma garinku. Na san wasu za su ji tsoron baƙi su rinjaye su a ƙasar kakanninsu, tsoron nan gaskiya ne ba na raina shi, sarauta da al'ada a bar wa masu su, mu ba sarautar kowa muke nema ba. Sannan masu son ɓallewa da ba su ɗau makami ba a kira su majalisa su faɗi hujjarsu a fili a ba su amsa a fili, wanda ya kashe mutum kuma kotu ta yi aikinta. Tsarin mulkinmu ya yarda da ƙuri'ar raba gardama wajen ƙirƙiro sabuwar jiha da yi wa ɗan majalisa kiranye, ke nan tambayar talaka ra'ayinsa ba baƙon abu ba ne a dokarmu. Rahoton taron ƙasa na 2014 da Mai shari'a Kutigi ya jagoranta ma yana nan, a ɗauko shi a duba.

In kwamitinka zai saurari jama'a a Legas, dan Allah kar a tsaya a otal kawai, a aiko wa shugabannin kasuwa na Mile 12 da Alaba Rago da sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba takardar gayyata, za mu rufe rumfa mu zo.

Wassalam.
Naka, ɗan kasuwar albasa, Agege, Legas.