Zuwa ga Uwata, kafin ki ɗora yatsunki a kan na'ura

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan Zariya. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ƙafar tata ta yi sauƙi har ta soma fitowa tsakar gida. Bayan haka, na zaɓi in rubuto miki maimakon in kira ki a waya, domin na lura duk lokacin da na ɗauko maganar tafiyar nan sai ki yi ta ce mini "to Baba" har mu yi sallama, ni kuwa na san irin wannan "to" ɗin naki tun kina 'yar firamare.

Ƙanenki ya bugo mini wasiƙar da hukumar shige da fice ta Kanada ta aiko miki, wadda ta umarce ki da ki je a ɗauki hotonki da zanen yatsunki goma, ya kuma haɗo mini da bayanan da gwamnatinsu ta wallafa a kan haka, na zauna na karanta su layi bayan layi. Kwana 30 suka ba ki, kuma a lissafina tara sun riga sun tafi, alhali ba za su taɓa takardarki ta neman izinin karatu ba sai an yi wannan ɗauka. A Abuja da Legas ake yi, kin kuma riga kin biya dalar Kanada 85 tun lokacin da kika tura takardun, saboda haka kada wani ya tare ki a bakin ƙofa ya ce akwai kuɗin samun layi. Kama ranar zuwa kyauta ne. Ki riƙe fasfonki na ainihi, da wannan wasiƙa, da takardar da ke nuna rana da lokacin da aka ba ki. Ban yarda ki taso daga Kaduna da asubar ranar ba. Ki hau jirgin ƙasa a Rigasa tun ana gobe, ki sauka a Kubwa, ki kwana a wurin Goggonki, na riga na yi magana da ita.

Sai maganar ƙunshi, wadda mahaifiyarki ta ce kada in sa baki domin harkar mata ce, amma zan sa. Bikin 'yar Kawunki ya faɗo mako ɗaya kafin ranar da aka ba ki, kuma na san ke ce babbar ƙawa, ba za su ƙyale ki ba. Ki ba su haƙuri. Na'urar nan siraran layukan da ke kan fatar yatsa take karantawa, lalle kuwa, ja ne ko baƙi, yana iya dushe su, kuma ba ya fita a kwana bakwai. Idan aka sallamo ki aka ce sai ya goge, daga cikin kwana 30 ɗin nan za a ci. A yi miki a ƙafa idan ya zama dole, hannu dai ki bar shi fari, amarya ba za ta fasa tarewa saboda haka ba. Ga shi kuma muna cikin hunturu, fata tana tsagewa, don haka ki riƙa shafa man kaɗanya da dare, amma kada ki je da maiƙo a hannu ran ɗaukar, kuma ki kiyayi wuƙa da ruwan zafi a 'yan kwanakin nan. Ni na ga wahalar wannan abu lokacin tantance 'yan fansho, inda na dangwala babban yatsana ya fi sau goma na'ura tana ƙi, saboda shekara talatin da biyar na alli da fartanya sun cinye zanen. Ko shugaban ƙasa Goodluck Jonathan sai da na'urar zaɓe ta ƙi tantance shi a Otuoke a 2015, duniya tana kallo. Game da hijabi kuwa ki kwantar da hankalinki, ba za a ce ki cire ba, sai dai fuska gaba ɗayanta ta fito daga goshi zuwa haɓa. Ki sa mai launi, kada ki sa fari, kuma ba laifi ba ne ki roƙi mace ta ɗauke ki idan akwai.

Duk wannan da na lissafa ko ƙanenki zai iya gaya miki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Baffanki ya ja ni gefe, ya ce ya ji daga bakin matarsa cewa ejan ɗin da ya cike miki fom ya ba ki shawara kada ki ambaci hana ki bizar Ingila da aka yi shekara uku da suka wuce, wai ambatonsa zai ɓata miki takarda, kuma wai kin yi shiru kin bar shi ya rubuta "a'a". Tun daga ranar ban yi barcin kirki ba. Ina roƙon Allah ya sa zancen mata ne da aka ƙara wa gishiri, amma idan gaskiya ne, to ki saurare ni da kyau.

A cikin fom ɗin akwai tambaya ƙarara, ko an taɓa hana ki biza ko izinin shiga Kanada ko wata ƙasa daban. Lokacin da kika nemi ta Ingila, da kaina na raka ki, ina zaune a waje kika shiga aka ɗauki yatsun nan guda goma. Suna nan a ajiye tare da sunanki da sakamakon da aka ba ki. Kanada kuwa tana musayar irin waɗannan bayanai da ƙasashe huɗu, wato Amurka da Birtaniya da Ostireliya da Niyu Zilan, kuma ba a ɓoye suke yi ba, sun rubuta shi kowa ya gani. Ma'aikacin da zai kama hannunki a Abuja ba zai tambaye ki komai a kan wannan ba, domin ba shi ne mai yanke hukunci ba, nasa ya ɗauka ya tura. Za ki fito cikin 'yan mintuna kina murna an gama lafiya, alhali yatsunki sun riga sun tafi ba da shaida a kanki. Allah Maɗaukaki ya faɗa a aya ta 4 ta Suratul Ƙiyama cewa shi mai iko ne ya daidaita har gaɓoɓin yatsun mutum, kuma kin san ko tagwaye ba su da zane iri ɗaya. Ana iya sake fasfo, ana iya juya suna, amma da waɗannan yatsu aka haife ki.

Hana biza ba abin kunya ba ne, kuma ba ya rufe ƙofa. Mutane da yawa an hana su sau ɗaya ko sau biyu, sun faɗi gaskiya, daga baya an ba su. Ɓoye shi ne laifin da dokarsu ta shige da fice ta tanadar wa hukunci a sashe na 40, wato haramta wa mutum shiga ƙasar har shekara 5, kuma bayan shekarun sun cika tabon yana nan a fayil, ƙasashe da yawa idan kika nufe su sai kin amsa tambaya a kansa. Ba kuma za su karɓi uzurin cewa ejan ne ya cike ba, domin a wurinsu mai neman biza shi ke da alhakin duk kalmar da ke cikin takardarsa. Shi wannan mutum, yana cikin waɗanda Kanada ta yarda su karɓi kuɗi su wakilci mutane, wato lauyoyinsu da masu ba da shawarar da ke da rajista a can? Ya sa sunansa a fom ɗin a matsayin wakilinki? Idan bai sa ba, ki tambayi kanki dalili. Ya karɓi kuɗinsa ya sa a aljihu, ranar da abin ya fashe kuwa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, sunanki ne a rubuce. Kin ga abin da ya sami ɗan gidan Alhaji na bayan layinmu, ba sai na maimaita miki ba, kin kuma ga yadda mahaifiyarsa ta koma.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a bakin Baffanki na ji. Ke da na ɗora a cinya na koya miki alif da ba, ke da nake kira da sunan mahaifiyata, a ce wani baƙo mai shago da kwamfuta ya fi ni samun kunnenki? Ban sayar da gonar bakin rafi don a gina karatunki a kan ƙarya ba. Na san har yanzu kina riƙe da ni a zuci saboda na ƙi zuwa kotu in yi rantsuwar rage miki shekara biyu lokacin neman aikin nan, kika yi wata guda kina gaishe ni a tsaye. To yau ga shi takardar haihuwarki, da sakamakonki na WAEC, da lambarki ta NIN, da fasfonki duk rana ɗaya suke faɗa, babu inda za a kama ki da baki biyu, ƙawayenki da aka rage wa kuwa suna ta zarya ofis-ofis neman gyara. Na kuma san kina ganin ni na jawo aka hana ki ta Ingila, saboda kuɗin shanun da na zuba a asusunki rana ɗaya ba tare da takardar da ke nuna asalinsu ba. Na amsa, kuskurena ne, na yi shi cikin rashin sani da son in ga kin tafi. Amma kuɗin halal ne, kuma ina da hujjar da zan kare su a gaban kowa, don haka babu abin da za ki ɓoye a ciki.

Ga abin da nake so ki yi tun kafin ranar. Ki karɓi kwafin duk abin da aka tura da sunanki, ki buɗe asusun da kanki, ki karanta amsar wannan tambaya da idonki. Idan "e" aka rubuta, alhamdu lillahi, ki yafe mini zargin da na yi, ki kuma gaya wa matar Baffanki ta iya bakinta. Idan "a'a" ce, ki rubuta wa hukumar ta hanyar da suka tanada a shafinsu na intanet, ki ce an yi kuskure a amsar, ki faɗi ƙasar da shekarar da dalilin da aka ba ki, ki haɗa da takardar hanin. A cikin akwatina na ƙarfe na ajiye ta, ban yar ba. Ba zan yi miki alkawarin cewa hakan zai sa a ba ki ba, amma wanda ya gyara da kansa tun ba a tambaye shi ba, matsayinsa daban ne da wanda aka kamo. Idan ma an hana, gida yana nan, aikinki yana nan, sai a sake nema da fuska a sake.

Kada ki ɗauka tafiyar ce ba na so. Da farko na ƙi, ba na musu, domin nisan ya yi mini yawa kuma shekaruna sun ja, amma tun ranar da na sa miki albarka ban janye ba, kuma kullum bayan sallar asuba sai na ambace ki. Mahaifiyarki ta ba direban da zai kawo miki wannan takarda man kaɗanya da kuka da daddawa, ni kuma na sa takardar Ingilar a cikin ambulan ɗin. Ki kira ni da zarar kin duba fom ɗin, ko da tsakar dare ne, wayar tana kusa da matashina. Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki a hanya.

Wassalam,
Mahaifinki.