Zuwa ga Lawali, a Kumasi

Maraɗi, daren Talata

Lawali,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya sanyin Kumasi? Na san ka cika ka batse. Saƙon murya bakwai na ƙirga a wayata, na ƙarshen har da "in ka mutu a faɗa mini in zo gaisuwa". Ban mutu ba, ɗan nema. Sau biyu ina danna wayar in yi maka bayani, muryata na rawa, ina gogewa. Batun bulon gidanka na Ali Ɗan Sofo zan zo kansa wata rana, yau bari in faɗa maka abin da ya hana ni barci.

Ɗanka Nasiru ne. Tun bayan ƙaramar Salla ya soma canzawa. Yaron da sai an ja kunnensa ake raba shi da ƙwallo, ya koma zaman ɗaki. Mushensu na lakwal ya kira ni ya ce yaro na zaune a aji kamar an dasa shi, can kuma sai ya yi dariya shi kaɗai. Na ce shekara 14, balaga ce, za ta wuce. Sai barci ya ƙaurace masa. Sai ya fara ƙin tuwon uwarsa, wai an zuba wani abu a ciki. Uwarsa fa, Lawali! Hadiza ta kai loma a gabansa tana hawaye, ya dube ta ya ture kwanon.

Hajiya ta ce iska ce, wai ya yi wanka a gulbi da magariba. Ka san Hajiya, in ta yanke hukunci babu ɗaukaka ƙara. Aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, aka yi hayaƙin da har yau warinsa bai bar katifa ba. Wata gwaggo ta raɗa mini zancen 'yan bori, Baffa Idi kuma ya ce a kai shi ƙauye wajen wani malami mai sa mari. Jika 80 suka tafi cikin wata uku. Ban raina addu'a ba, Allah Ya tsare ni, har gobe ina tofa masa. Amma kai kaɗai zan faɗa wa: ba ƙarfin imani ya hana ni zuwa asibiti ba, kunya ce. Kada a gan ni ƙofar likitan ƙwaƙwalwa, gobe a ce gidan Isuhu akwai mahaukaci, ga yayyensa mata biyu ba su yi aure ba.

Wani dare kuran ya ɗauke, zafi ya koro ni tsakar gida wajen ƙarfe 3. Na haska tocila, sai ga shi tsugune bayan randa. Ya farke matashi, ya cusa audugar a kunnuwansa biyu. Ya ɗago kai ya ce mini a hankali, "Baba, don Allah ka ce musu su yi shiru, na gaji." Ko kare ba ya haushi a unguwar. Ana sallame asuba na buga ƙofar Manjo, tsohon malamin asibitin nan.

Ai ba ka manta Manjo ba, wanda ka tsere wa da wando a hannu saboda allura. Ya yi ritaya, tumbinsa ya kusa kamo naka, in dai hoton nan na Facebook ba sharrin kyamara ba ne. Shi ya raka mu asibiti.

Ni na zaci ɗaure yaron za a yi a danna masa allura. Ashe magana ce, kusan awa guda. Likitan ya faro tun daga haihuwa: an sha wuya wajen naƙuda? Zazzaɓin cizon sauro ya taɓa sa shi jijjiga? Yana farfaɗiya? Ya taɓa buguwa a ka? Da ya zo kan tramol da sholisho raina ya ɓaci, ya ce in yi haƙuri, kowane yaro ana tambaya, don kayan maye ma suna sa mutum ya ji muryoyi. Ya fitar da mu ya zauna da Nasiru su biyu. Da muka koma ya ce, a dangi akwai wanda ya taɓa irin wannan? Na yi shiru, Hadiza ta zuba mini ido. Dole na ambaci Kawu Ilu. Ka tuna yadda muke binsa da waƙa muna yara, ni da kai a gaba? Tun ranar fuskarsa ba ta bar ni ba.

Bai sa wa ciwon suna ba. Na matsa, ya ce a waɗannan shekarun ba a gaggawar suna, sai an ga gwajin jini da yadda watanni za su kaya. Ya rubuta ordonans, ƙwaya ɗaya da dare. In wuyansa ya sanƙare ko miyau ya dinga zuba, mu dawo nan take, aikin maganin ne kuma ana gyara shi. A ci gaba da addu'a, ban da duka, ban da sa mari. Kada a yi masa gardama kan muryoyin, kada kuma a ce masa mu ma muna jin su. Fiya-fiya da maganin ɓera a fitar da su daga gidan; wannan ita ta fi kaɗa mini hanji. In abin ya ƙi, sai Yamai, Pabiyon E, sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa na babban asibiti, sunan da muke zagin juna da shi a lakwal, tafiyar fiye da kilomita 600. Manjo ya ce wasu kan tsallaka Najeriya, asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ta Sakkwato ko na Dawanau ta Kano.

Af, Sha'aibu ya yi ta uku, 'yar Tasawa. Ya rina gemu baƙi ƙirin, a wajen ɗaurin auren liman bai gane shi ba sai da ya yi tari. Ya ce a gaya maka bashin kilishinsa na nan.

Yau kwana 19 da fara maganin, mun koma sau ɗaya. Barci ya dawo, har ya so ya yi yawa. Jiya ya ci rabin malmala daga hannun uwarsa. Muryoyin ya ce suna nan, amma sun yi nisa, kamar rediyon maƙwabta. Hajiya ta ce rubutun ne ya fara ci, ban musa ba, tunda ita ke tuna mini lokacin "'yar farar ƙwayar nan" kafin in tuna. Rigimar da nake hangowa ita ce ranar da za ta ce ya warke a daina, alhali likita ya ja kunnena sau biyu cewa a nan ne ciwon ke dawo wa mutane.

Kada maganar nan ta kai kunnen Maman Bishir, ka san kafin ka ajiye waya ta iso Maraɗi. Ɗazu kuma Nasiru ya tambaye ni ko Baba Lawali ya manta da rigar ƙwallon da ya yi masa alkawari. Abu na farko ke nan da ya roƙa cikin wata huɗu. Ka ba direban goro ya taho da ita, amma ka rage lamba ɗaya, ya rame.

Naka,
Isuhu