Su Ma Fa Turawan Nan Ƙabila-Ƙabila Ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Kullum in aka zo labarin Amurka sai mu ce "Turawa sun ce, Turawa sun yi" kamar uwa ɗaya uba ɗaya suke, gaskiya abin yana ɗan sosa min rai. Na yi shekaru ina jan tasi a Chicago, a can na gane su ma ƙabila-ƙabila ne, kuma sun sha raina juna. Akwai wata tsohuwa ƴar asalin Poland da nake kaiwa coci duk Lahadi, tana zama a baya da jakarta kan cinya sai ta fara ba ni labarin kakanta da ya ƙare rayuwarsa a mayankar shanu, wai su lokacin ko kallon cikakkun ƴan ƙasa ba a musu.

Da na bi tarihi sai na ga ba ƙarya take ba. Ƴan Ireland da yunwar 1845 ta koro, an ƙi su don su Katolika ne kuma talakawa. A 1891 gungun jama'a suka kashe ƴan Italiya 11 a New Orleans, sannan dokar shige da fice ta 1924 ta kusan rufe ƙofa ga mutanen kudanci da gabashin Turai, Yahudawa ma suna ciki, sai 1960 fa aka zaɓi ɗan Katolika na farko shugaban ƙasa, wato Kennedy.

Malaman ilimin zamantakewa sun daɗe a kan wannan. Thomas da Znaniecki tun 1918 wasiƙun manoman Poland suka tattara suna nazari. Shi kuma Herbert Gans a 1979 ya ce jikokin waɗannan baƙi da suka zo daga Turai ƙabilarsu ta zama ta ado kawai, a ci abincin gargajiya, a yi biki, shikenan. Na gani da idona, duk watan Maris ana rina kogin Chicago ya koma kore shar saboda bikin ƴan Ireland, wanda bai taɓa taka Dublin, babban birnin Ireland, ba ma ya sa koriyar hula, washegari ya cire. Baƙar fata kuwa ba shi da wannan zaɓin, nan ne abin ya tsaya min a wuya.

Don Allah ku nemo wani malamin jami'a ya riƙa mana rubutu a kai, tunda Turawa sun daɗe suna nazarin ƙabilunmu, mu ma mu leƙa nasu mana.

Naku mai karatu, daga Chicago.